Mu San Abin Da Ke Cikin Kofin Shayinmu



A manyan otal-otal na Abuja da Kano akwai wani abin sha da suke kira moktel. Ana haɗa shi da shayi mai sanyi, a matsa lemon tsami, a jefa ganyen na'a-na'a da ƙanƙara, a sayar da tsada. A ƙasashen Turai har giya suke zubawa a ciki, su kira shi koktel, wannan kuwa ba namu ba ne. Da muka ji yadda ake haɗa moktel ɗin, dariya muka yi, domin mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun daɗe muna haɗa shayi. Sai dai ba mu ba shi sunan Turanci ba.

Ku duba teburin mai shayi a bakin kasuwa ko tasha. Tukunyarsa tana da citta da kanumfari da masoro, wani ma har da kimba. Ku tuna shayin Buzaye da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, da na'a-na'a da sukari, ana sha zagaye uku. Ga zoɓo da iyayenmu mata ke jiƙawa, ga tsamiya. Ganyen shayin ma ana noma shi a Najeriya, a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, citta kuma tana zuwa daga Kudancin Kaduna. Zoɓonmu na Arewa har Meziko ake kai shi.

Ra'ayinmu shi ne haɗa shayi da kayan da muka sani abu ne mai kyau, kuma ya fi lemon kwalba sauƙin kuɗi. Mun gwada a gida: ganyen shayi guda biyu, zoɓo cikin tafin hannu ɗaya, 'yar citta da na'a-na'a, a tafasa, a tace, a matsa rabin lemon tsami, a sa sukari kaɗan. Ba sai da firij ba, a zuba a gora a saka cikin randa ya huce. Wanda ya sha bai yarda shayi ba ne sai da muka nuna masa ganyen.

Amma akwai wani haɗin da ya sa muka rubuta wannan, shi ne wanda ba a faɗa maka abin da ke ciki. Duk mun san yadda abin yake. Wani babban yaro zai miƙo maka kofi ya ce, "Sha ka ji ƙarfi," ko ya ce idan ka sha ba za ka yi barci ba har ka gama karatun jarrabawa. A lokacin damina ma ana cewa masu aikin gonar masara su sha don kada su gaji. Sau da yawa abin da aka narkar a cikin shayin tiramadol ne ko maganin tari mai kodin. Zaƙin sukari da yajin citta suna ɓoye ɗacin, shi ya sa shayi ya zama mafaka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, bayan wani rahoton BBC ya nuna yadda yake lalata matasa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya a cikin shekara ɗaya. Mu 'yan shekara goma sha uku ne, saura mana shekara biyu mu shiga wannan lissafi. Tiramadol idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya, jiki kuma yana sabawa da shi har mutum ya kasa bari.

Wasu iyaye sun ce mafita ita ce a hana ɗalibai zuwa wurin mai shayi gaba ɗaya. Da girmamawa, ba mu yarda ba. Yawancin masu shayi mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma wasunmu da ke tahowa daga ƙauye a nan suke karyawa da burodi kafin su shiga aji. Hanawa ba za ta sa a daina miƙo kofin ba, sai dai a koma yi a bayan gari inda babu mai gani.

Ga abin da muke roƙo. 'Yan uwa ɗalibai, kada mu sha kofin da ba a haɗa a gabanmu ba, ko da aboki ne ya ba mu. Idan aka ce mana "haɗi ne na musamman," mu tambaya me aka zuba, in an ƙi faɗa mu ajiye. Malamar koyon girki, don Allah ki ware mana darasi ɗaya mu koyi haɗa shayi mai sanyi da zoɓo da tsamiya, mu sayar ranar wasannin makaranta. Shugaban makaranta kuma, muna roƙon a gayyato jami'an NDLEA su yi mana bayani a filin taro. Malaminmu na kimiyya ya ƙara mana da cewa shayi yana da sinadarin da ke hana barci, don haka kada mu cika sha da dare, ko da tsaftatacce ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya san hannun da ya haɗa masa shayi, ya san abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa idan ta tambaye shi me ya sha.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.