Shawara Ga Iyali: Katin Buga Waya Zuwa Nesa

Da yawa cikinmu muna da 'ya'ya a Amurka ko Ingila. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, mun huta da jiran wasiƙa. Amma tsohuwa a ƙauye ba ta da intanet, sai ɗanta ya sayi katin waya kafin ta ji muryarsa.

To, mu gargaɗi yaranmu. Kada su dogara ga yawan mintocin da aka buga a fuskar kati. Su juya bayansa, su karanta ƙananan rubutun. Wani kamfani yakan cire kuɗi duk lokacin da waya ta shiga. Wani yakan lissafta minti ɗaya a kan uku. Wani kuma yakan zaftare kuɗin kowane mako, ko an buga ko ba a buga ba.

Saboda haka a fara gwadawa da ƙaramin kati. A tambayi farashin kiran wayar hannu, gama yakan fi na wayar tebur tsada.

Mu kuma na gida, in an kira, mu taƙaita gaisuwa, mu faɗi abin da ke damunmu. Kada kati ya ƙare muna kan "ina gajiya".