Faifan Birki Yana Da Iyaka

Yau maganata ga masu motar gida take, musamman mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda ke ratsa hanyar Zariya kowace safiya da yara a baya za su makaranta.

Na lura mutum yakan sake takalmin birki har sau uku, amma faifan ƙarfen nan da takalmin yake matsewa, ko kallonsa ba ya yi. Alhali kuwa shi ma cinyewa yake. Maƙeransa sun buga masa lamba a jiki, ita ce iyakar kaurinsa, galibi in milimita 2 ta tafi ya ƙare. Faifan da ya sirance yakan ɗauki zafi da wuri, birki ya ƙi kamawa, wani ma har ya tsage.

To, in ka taka birki ka ji sitiyari yana makyarkyata, sa makanike ya auna faifan a gabanka. Kada ka yarda a sassaƙe shi in zai wuce lambar. In saye za ka yi a Ƙofar Ruwa, sayi biyu, dama da hagu, ka haɗa da sabon takalmi. Na gwanjo kuwa, a auna tukuna kafin kuɗi ya fita daga aljihunka.