Gashin ƙarin ƙwaƙwalwa ga mai juna biyu: ina makomar ɗan tayi?

Yayin da ake ƙara samun cibiyoyin gashin cutar daji a arewacin Najeriya, akwai wata tambaya da ya zama wajibi likitoci da iyalai su san amsarta. Idan aka gano ƙari a ƙwaƙwalwar mace mai juna biyu, shin za a iya yi mata gashi ba tare da an cutar da abin da ke cikinta ba?

An daɗe ana wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, da kuma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar daji a unguwar Giginyu da ke Kano, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe wata a asibitin koyarwa na Katsina.

Ke nan ga matar da ke zaune a Kutama, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ko a ƙauyukan Kabo, na'urar gashi ta matso kusa fiye da da. Sai dai kalmar gashi kaɗai ta isa ta tsorata miji da iyaye, musamman idan akwai ciki.

Yadda tururin ke kaiwa ga ciki

Gashi shi ne harba wani tururi mai ratsa jiki, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin kashe ƙwayoyin ƙari. Ana auna shi da ma'aunin gire. Ƙari mai tsanani a ƙwaƙwalwa kan buƙaci kimanin gire 60, a raba shi zama 30 cikin makonni shida.

Kai ake saitawa, to amma wani ɗan kaso yakan kai ga mahaifa ta hanyoyi uku: yoyo daga kan na'urar, da wanda ke fantsama daga bakin da tururin ke fita, da kuma wanda ke warwatsuwa a cikin jikin majinyaciyar.

Abin da ke taimakon ɗan tayi shi ne tazarar da ke tsakanin kai da mara. Idan an tsara aikin da kyau, abin da ke isa gare shi yawanci bai kai miligire 100 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin 600 na abin da ƙarin ya samu. Wani rahoton ƙungiyar masana kimiyyar na'urorin asibiti ta Amurka na 1995 ya nuna cewa garkuwar dalma da aka girke a saman ciki kan iya rage wannan da kusan rabi.

A shekara ta 2000, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan tururi, ICRP, ta bayyana cewa abin da bai kai miligire 100 ba bai isa ya zama hujjar zubar da ciki ba.

Watannin cikin

Haɗarin ya danganta da kwanakin cikin. Daga mako na uku zuwa na takwas gaɓoɓi ke haɗuwa, don haka a lokacin ne aka fi fargabar nakasa. Daga mako na takwas zuwa na 15 kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi ce ta fi rauni, kamar yadda aka gano daga yaran da ke ciki lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Bayan mako na 25 wannan haɗari yana raguwa ainun.

Akwai kuma fargabar yaron ya kamu da cutar daji daga baya, batun da likitar nan ta Ingila, Alice Stewart, ta fara ja hankali a kai a 1956. Ƙaruwar haɗarin kaɗan ce, amma ita ce dalilin da ya sa likitoci ke ƙoƙarin rage tururin iyakar iyawa.

Saboda haka ba kowace mace ake gaggauta yi wa gashi ba. Idan ƙarin mai girma a hankali ne, akan jira ta haihu. Wani lokaci a yi tiyata a tsakiyar watannin cikin. Idan haihuwa ta kusa, akan fitar da jaririn da wuri sannan a soma magani. Sai ƙarin da ba ya jira ne ke tilasta gashi da ciki a jiki.

Inda gizo ke saƙar

Ga matan karkarar Gwarzo da Kabo, babban haɗarin shi ne jinkiri. Alamomin ƙarin ƙwaƙwalwa, wato ciwon kai mai naci, da amai, da dishi-dishin ido, da farfaɗiya, sun yi kama da laulayi ko jijjigar da hawan jini ke jawo wa masu ciki. A wasu gidajen kuma akan danganta su da iska ko sammu, sai a ɓata watanni ana neman magani a wani wuri. Ga shi kuma sauye-sauyen da ciki ke kawo wa jiki kan sa wasu nau'o'in ƙari su ƙara kumbura.

A nan ne awon ciki ke da muhimmanci. Matar da ke jijjiga alhali jininta bai hau ba, fitsarinta kuma lafiya lau, tana buƙatar a tura ta babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano domin hoton kai. Hoton MRI ba ya amfani da wannan tururi sam, shi kuwa na CT, idan kai aka ɗauka, abin da ke isa ga ciki bai kai miligire ɗaya ba.

Matsala ta biyu ita ce ƙwararru. Alƙaluman da aka ambata sun dogara ne ga samun masanin da zai gwada aikin a kan mutum-mutumi kafin a taɓa majinyaciya, ya kuma sake awo yayin da cikin ke girma yana matsowa sama. Nau'in na'urar ma yana da tasiri, domin tsofaffi masu aiki da sinadarin kobal sun fi na zamani yoyo. Hukumar NNRA, wadda ta soma aiki a 2001, ita ke da alhakin ba da lasisi da sa ido kan waɗannan na'urori a Najeriya.

Dokar hukunta laifuka ta arewacin ƙasar ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma a wannan batu binciken likitoci ya nuna cewa sau da yawa ba sai an zaɓi ɗaya tsakanin uwa da ɗa ba. Abin da zai tabbatar da haka ga matar Kutama shi ne a gano ƙarin da wuri, a kuma samu wanda zai auna tururin kafin a kunna na'ura.