Gadi Ba Ya Son Gaggawa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan ruwa na Amurka sun yi aiki da wani irin jirgin sama marar fiffike, mai kama da ƙatuwar salka. Akan cika shi da iskar hiliyam, wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, ba ta kuma kama wuta. Ita ce ke ɗaga shi, aikin injinsa turawa kaɗai. Saboda haka mai kaɗan yake sha, yana tafe sannu bisa teku, yana rakiyar jiragen kaya, yana hangen jiragen Jamus masu nutso. A 1944 aka kai waɗansu Maroko don tsaron mashigin Jibaralta. A 1957 wani ya kwana 11 a sama bai sauka ba. Sai a 1962 suka bar aiki da su.

To, daji ma tekun tudu ne. Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa ya san dajin Falgore, ya kuma ji yadda ɓarayin shanu suka taɓa mai da shi mafaka. Jirgi mai gudu in ya gilma, ɓarawo sai ya laɓe har ya wuce. Mai daɗewa a sama shi ke hana shi sakat.

Muna roƙon Hukuma ta gwada balan-balan ɗaurarre mai kyamara a bakin wannan daji, don makiyayi da matafiyi su sami kwanciyar rai.