MOTA DA MAI ITA: Wane Ruwa Ya Dace Da Lagireton Tsohuwar Mota?

Yau da kaina zan fara, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bara da jajiberin Babbar Salla na taso daga Ikko zan tafi gida Kwantagora cikin tsohuwar Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na haye gadar Jebba lafiya, amma kafin in kai Mokwa sai na ga allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban mota. Wani dattijon bakanike na bakin hanya ya kwance tiyon lagireto, sai ga wani jan ruwa mai kauri kamar kunun kanwa yana kwarara. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me kake ba ta sha?" Na ce, "Baba, ruwa mana, kowane na samu." Ya kaɗa kai ya ce, "To, ga sakamakonsa." Gaskit ya ƙone, kan injin duk ya yi ramuka kamar gara ta ci. Kwana uku na yi a wurin, Idi ya wuce ni, tsohuwata tana can tana ta duban hanya, kuɗin gyara kuwa ya haura albashina na wata guda.

Da na dawo sai na shiga bincike, kuma abin da na samo shi ne na kawo muku.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kulan, wato ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireto, an yi shi ne don ƙasashen sanyi kurum, tun da yake mu ruwa ba ya daskarewa a Sakkwato ko Maiduguri. Gaskiya ne hana daskarewa yana cikin aikinsa, amma yana da wasu ayyuka biyu da suka fi shafarmu.

Na farko shi ne ɗaga mizanin tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 na Salshiyos a bakin teku, a kan tudun Jos kuwa tun wajen digiri 96 yake tafasa, alhali inji mai lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90. Ka ga ratar ba ta da yawa, balle a watan Afrilu da zafin gari ke wuce digiri 40, ga lodi, ga cunkoso. Idan aka gauraya ruwa rabi da rabi da sinadarin etilin gilaikol, wanda shi ne ginshiƙin yawancin kulan, tafasa takan koma wajen digiri 107. In kuma murfin lagireto yana da lafiya yana riƙe matsi sosai, sai ta haura 120. Saboda haka murfin nan da ake rainawa, har wani ya toshe wurin da tsumma, rabin aikin a wuyansa yake.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga tsohuwar mota, shi ne hana tsatsa. Dubi injin 504: gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, lagireton asali kuma jan ƙarfe ne da tagulla da aka liƙe da dalma. Duk inda ƙarafa iri-iri suka zauna cikin ruwa guda mai zafi, ɗaya yakan ci ɗaya sannu a hankali, kuma alminiyam ne kan sha kashi. Bugu da ƙari, ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da farar ƙasa, wadda ke kamawa a hanyoyin ruwa kamar yadda take kamawa a gindin butar mai shayi, har ta toshe siraran bututun lagireto. Magungunan da ke cikin kulan su ne ke shafe jikin ƙarfe su kare shi daga wannan ɓarna.

To, wanne za a saya? A nan ne ake yin kuskure, domin mai shago zai tambaye ka, "Kore ko ja?" kamar kana sayen atamfa. Launi rini ne kawai, kuma babu wata doka da ta tilasta wa kamfanoni su yi launi ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Abin dubawa shi ne irin maganin tsatsar da ke ciki, kuma iri uku ne manya.

Akwai na gargajiya, mai sinadarin siliket, wani lokaci da fosfet, wanda galibi kore ne ko shuɗi. Yana shafe ƙarfe nan da nan, yana kuma kare jan ƙarfe da dalma, sai dai ƙarfinsa yana ƙarewa da wuri, don haka ake sauya shi duk shekara 2. Shi ne ya dace da motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 masu lagireton tagulla, irin su 404 da 504 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975. Ita kuwa Volkswagen kunkuru ba ruwanta da wannan magana, iska ce ke sanyaya ta.

Akwai na zamani mai daɗewa, wanda ba shi da siliket, ya dogara da wasu sinadarai masu tsami. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara zuba irinsa, mai suna Dex-Cool, a tsakiyar shekarun 1990, kuma yakan kai shekara 5. An yi shi ne don injin alminiyam da lagireton alminiyam mai kan roba. Wasu daga cikin irinsa ba su kare dalma yadda ya kamata, saboda haka mai tsohon lagireto kada tsada ko daɗewa ta ruɗe shi, garin neman ƙiba ya samo rama.

Na uku kuwa gamin-gambiza ne na biyun. Kamfanonin Japan sun fi son fosfet ba siliket, kamar ja da ruwan hoda na Toyota da shuɗi na Honda. Na Turai kuma suna guje wa fosfet saboda ruwan ƙasashensu yana da farar ƙasa da yawa. Masu Golf da Sharan su lura: Volkswagen yana da G11 mai siliket, da G12 na asali wanda ba shi da shi, kuma ba a gauraya su. Sau da yawa an rubuta lambar a jikin tankin ruwan.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice: bi abin da littafin motarka ya ce. In littafin ya ɓata, kamar yadda yake ga yawancin motocin Kwatano, dubi shekarar ƙira, da ƙasar da ta ƙera ta, da irin lagireton da ke jikinta yanzu. In ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka ƙara wani a kai. A zubar duka, a wanke, a zuba iri ɗaya, domin gauraya iri biyu takan raunana maganin, wani lokaci ma ta haifar da dasƙararren datti mai toshe hanya.

Wajen saye, karanta jikin galan. Nemi sunan sinadarin da lambar inganci irin su ASTM D3306 ko BS 6580, don ruwa mai launi ba shi da wuyar haɗawa, kuma araha ba ta ado. In ka ga 50/50, an riga an sirka, zuba shi yadda yake. In tsantsa ne, sirka shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba na asid ba. Kada kulan ya gaza kashi ɗaya cikin uku, kada kuma a zuba shi zalla, domin gilaikol bai kai ruwa iya kwashe zafi ba.

Motar da ta shekara da shekaru tana shan ruwa zalla sai an wanke cikinta sau da yawa har ruwa ya fito garau. Kada ka yi mamaki in bayan haka wani wuri ya fara yoyo. Ba kulan ne ya huda shi ba, ramin yana nan tuntuni, tsatsa ce ta toshe shi. Gara ya bayyana a gareji da ya bayyana a dokar daji. A duba tiyo da fanbel da famfon ruwa a lokaci guda. Kuma ina roƙon kanikawanmu, don Allah a daina cire tamostat a yar da sunan maganin zafi. Cire shi ɓoye cuta ne: inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya kuma ci kansa.

Sauran gargaɗi biyu da suka shafi rai. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan yakan yi tsiri ya sale fuska da hannu. Sa'an nan etilin gilaikol guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

In ruwa ya ƙare maka a hanya, zuba mai tsabta da ka samu ka isa gida, ba laifi, amma ka gyara da zarar ka sauka. Yawancinmu ba mu da halin sabuwar mota, wannan tsohuwar ita ce gonar wani, ita ce kantin wani. Galan guda duk shekara 2 bai kai kuɗin gaskit ba, balle Idin da ya wuce ni. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, amin.