Jita-jitar Sababbin Ƙwaƙwalen Kwamfuta

Tun shekarar 2025 ake ta baza labari a kan sababbin ƙwaƙwalen kwamfutar tebur, watau ɗan guntun nan da ke cikin akwatin wanda shi ke yin dukan lissafi. Kamfanoni biyu na Amurka ke riƙe da wannan ciniki, Intel da AMD. A shekarar nan Intel ya ce nasa mai suna Nova Lake zai fito wajen ƙarshen 2026, AMD kuwa ya ambaci 2026 ga nasa Zen 6. Wannan shi ne abin da ya fito daga bakin masu abin. Sauran zance, kamar cewa babban cikinsu zai ƙunshi ƙwayoyin aiki 52, daga bakin masu tsegumi ya fara fitowa.

Mai karatu a Gwandu ko Kalgo ya iya cewa ina ruwansa. To, da ruwansa ƙwarai. Tun 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana bisa hanyar Kalgo zuwa Bunza. Sa'an nan ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, magajinsa Windows 11 kuwa ba ya karɓar yawancin tsofaffin injuna. Saboda haka ofisoshin Ƙananan Hukumomi da makarantu da yawa sayen sababbi na gabansu, ko sun so ko sun ƙi, kuma akawu da malami su ne za a tambaya wace iri za a rubuta a takardar oda.

Bari mu fara da ƙarfi. Ƙwayar aiki kamar akawu ɗaya ce a ofis. Core Ultra 9 285K da Intel ya fitar a Oktoba 2024 yana da 24. In an kai su 52, lalle mai haɗa majigi ko mai zanen gini zai ga amfani, gama aikinsa yana rabuwa kashi-kashi. Amma wanda aikinsa buga wasiƙa ne da jera albashi da shigar da makin yara, kamar ya tara akawuna hamsin ne su rubuta masa wasiƙa guda: ɗaya na rubutu, saura na hamma. Kuma kada a manta, a 2024 an cika duniya da yabon Ryzen 9000 kafin ya fito, da masu gwaji suka auna shi a Agusta sai suka tarar fifikonsa bisa na baya kaɗan ne a ayyuka da yawa.

Batun wuta shi ne ya fi damunmu. Wancan 285K yana iya jan wat 250 in an matsa masa, alhali Ryzen 5 9600X an ƙayyade shi a wat 65. Gaskiya ne ba kullum inji ke jan iyakar ƙarfinsa ba, amma mai sayen janareta ko farantan hasken rana dole ya yi shiri don ranar da zai ja. A ɗakin jarrabawa mai injuna 50, bambancin shi ne wat 12,500 da wat 3,250, ban da allunan kallo da fankoki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023, kowane shugaban makaranta ya san abin da wannan ke nufi. Wutar da inji ya sha kuwa zafi take komawa. Mu da muka san bazarar ƙasar Gwandu, inda zafi kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska, mun san inji mai zafin rai ba zai yi tsawon kwana a ɗakin da ba na'urar sanyaya ba. Ko a ƙasashen sanyi ma an ga aya: a Yuli 2024 Intel ya amsa cewa wasu manyan ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa don wutar da ke shigarsu ta wuce kima, har ya ƙara wa masu saye shekara biyu na lamuni.

Saura kuɗi. An sa wa 285K dala 589 ran fitowarsa. A lissafin Naira 1,500 kowace dala, inda canji ya yi ta kai da kawowa a 2025, ya kama Naira 883,500, ƙwaƙwalwar kaɗai, ba akwati ba allo. Mafi ƙanƙancin albashi da Gwamna Nasir Idris ya sa wa hannu a 2024 Naira 75,000 ne, watau kusan albashin shekara guda ke nan. Ba mu ga alamar sababbin za su fi araha ba, balle da farashin ma'ajiyar RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, don manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe ta.

Ra'ayinmu shi ne kada wata hukuma ta dakatar da sayen abin da take bukata don jiran abin da ba a gwada ba, kada kuma ta yarda ɗan kwangila ya cusa mata mafi tsada da sunan zamani. A rubuta a takardar oda inji matsakaici, mai ƙwayoyi shida ko takwas, wanda bai wuce wat 65 ba, mai karɓar Windows 11. Rarar kuɗin a sa ta a batura da faranta, a kuma ware wani abu don horad da wanda zai riƙa buɗe injunan yana kakkaɓe musu ƙura kowane ƙarshen zango.