Taron Zaɓen Iri: A Ba Mai Daka Damar Magana

Manomin da ya daina takin zamani da feshi, dogaronsa na kan iri, domin irin ne zai jure wa ƙuduji da ƙwari da yankewar damina. Saboda haka wanda ya samu bakin magana a taron zaɓen iri shi ke yanke abin da gari zai ci. Galibi kuwa maigari da malamin gona da masu manyan gonaki ke cinye zancen, ma'auninsu kuma yawan buhu. Matar da ke surfe da daka ita ta san geron da ke yawan dusa, da waken da ke cinye itace kafin ya nuna. Mai kiwo harawa yake dubawa, kuma irin wannan buƙata ce ta sa cibiyar IITA, mai reshe a Kano, ta fitar da wake mai ba da ƙwaya da harawa tare.

Za a ce al'ada ba ta yarda mace ko yaro su katse dattijo ba, kuma jin kowa ɓata lokaci ne. Gaskiya ne, amma babu wanda ya ce a katse kowa. Mata su yi zamansu daban, matasa ma haka, a baje irin a faifai kowa ya taɓa, a dafa a ɗanɗana, sannan jagora ya kawo ra'ayin kowane rukuni gaban dattawa da Hausa ko Fulatanci. Yini guda ake ƙarawa, alhali irin da aka raba matan gida suka ƙi shi asarar damina ce sukutum. Ƙungiyoyin manoma, ku sa wannan tsari cikin dokokinku kafin rabon iri na bana.